Takardar Doula Mai Araha da Naƙudar Tsakar Dare

Mu mutanen Babban Mutum, da muke zaune a bakin iyaka, ƙafa ɗaya a ƙasar Baure ɗaya tana leƙen hanyar Magarya, mun saba ganin kaya iri-iri suna shigowa. Amma sana'ar zama kusa da mai naƙuda ta iso mana ta cikin waya, da farashi a dala da rangwamen da kullum yake ƙarewa gobe, wannan kam sabon shiga ne. Sunan mai sana'ar doula. Aikinta ta zauna da mai haihuwa tun farkon ciwo har ƙarshe, ta murza mata baya, ta ba ta ruwa, ta kwantar mata da hankali. Ba ta karɓar haihuwa, ba ta allura, ba ta yanke cibiya. Duk yarinyar da ta kai wa kakarta wannan bayani ta san amsar da ke jiranta: "Ke 'yar nan, abin da gwaggonki take yi kyauta tun kafin a haifi ubanki, shi za ki biya dala ki koya?" Dariyar tsohuwa tana da hujja, amma ni ra'ayina shi ne kwas ɗin koyon sana'ar yana da amfani, in dai an auna shi da ma'auni guda: shin yana koya wa ɗaliba lokacin da za ta bar murza baya ta fita neman mota?

A fara da yi wa sana'ar adalci. A 1980 likitocin yara biyu 'yan Amurka, Marshall Klaus da John Kennell, tare da abokan aikinsu, sun buga sakamakon wani ƙaramin bincike da suka yi a wani asibiti a Guwatemala: masu haihuwar fari da aka bar su su kaɗai sun kai kimanin awa 19 kafin su sauka, waɗanda aka ajiye musu mace a gefe kuwa kimanin awa 9. A 1992 su biyun suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar DONA mai horar da doula. A 2017 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, mata sama da 15,000, ta ga cewa rakiya marar yankewa tana rage tsawon naƙuda da yawan yin tiyata. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta zaɓi wanda zai zauna da ita. Wannan magana ta fi shafarmu, domin a al'adarmu ta kunya mace takan rufe ɗaki ta cije haƙori ita kaɗai, ungozoma kuma sau da yawa sai an ji kukan jariri ake kiranta, ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta dafa ruwan wanka. Wato akwai gurbin da babu kowa a cikinsa, kuma a nan ne ake yawan rasa rai.

Inda wasan yake shi ne wajen zaɓen kwas. A ce kuɗinsa dala 500. A 2024 dala ta haura naira 1,500, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000, ashe ke nan ana maganar albashin sama da wata goma. Sai ɗalibarmu ta gangara zuwa na dala 20, wanda ya yi alkawarin mayar da ita ƙwararriya tsakanin azahar da isha'i. Ta sayi data, ta hau katanga neman sabis, wayar ta kamo layin Nijar ta yi mata barka da zuwa ƙasar da ba ta je ba. Da bidiyon ya buɗe, darasi na farko yadda ake cika bahon roba da ruwan ɗumi don a haihu a ciki, a garin da jarka ɗaya sai an yi ciniki da ɗan garuwa. Na biyu yadda ake zama kan ƙatuwar ƙwallo. Na uku yadda maigida zai riƙe hannun matarsa suna numfashi tare. Wane maigida? Namu yana majalisa yana jan carbi, in ka tambaye shi ya mai jiki sai ya kawar da kai ya ce "da sauƙi", musamman in ɗan fari ne. Daga ƙarshe ta amsa tambayoyi goma, na'ura ta tafa mata, ta hau mota zuwa Daura a buga mata satifiket mai kala a lulluɓe shi da leda. Wannan koyon tuƙin babur ne a kan tabarma: an iya riƙe kai, an iya ƙara da baki, titi ne kawai ba a taɓa hawa ba.

Abin da ke kashe matanmu ba rashin ƙwallo ba ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kimanin 82,000 sun rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma ko haihuwa ɗaya cikin biyar ba a yi a asibiti. Masu kisan sanannu ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, zazzaɓin bayan haihuwa. Wadda doguwar naƙuda ta bari da rai kuma sau da yawa Babbar Ruga ake kai ta a Katsina, inda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana ɗinkin yoyon fitsari. Tun 1994 masu bincike Thaddeus da Maine suka kasa matsalar gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko a tsakar gidanmu yake faruwa, lokacin da ake jiran maigida ya dawo daga cin kasuwa ya ba da izini, ana ƙara shan rubutu, ana cewa haihuwa lokaci gare ta. Kai, ko a asibiti gano jini da wuri shi ne rabin magani: gwajin E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero take cikin jagororinsa, ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin ɗari, ta hanyar auna jinin da shimfiɗa mai ma'auni da haɗa magunguna nan take.

Wani zai ce ina zagin araha alhali talauci ne ya kai mu gare ta. A'a. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba ta ba da lasisi: satifiket ɗin doula, na dala 20 ko na 500, bai ba kowa izinin karɓar haihuwa a Najeriya ba, wannan hurumin Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozomomi ce. Akwai ma ilimi kyauta, irin manhajar Safe Delivery App da aka yi wa ma'aikatan lafiya, wadda ke aiki ko babu sabis in an riga an sauke ta. Wani kuma zai ce ai muna da ungozomomi. Muna da su, Allah ya saka musu, kuma sun fi kowane bidiyo sanin gidajen garin nan. Sai dai gadon nasu ya zo da yankan gishiri, da ruwan jego mai ƙuna, da kunun kanwa, alhali tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta wanka mai zafi da yawan kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Na uku zai ce to ta tafi makarantar ungozoma ta Malumfashi mana, ko makarantar kiwon lafiya ta Daura. Wadda ta samu dama ta tafi, wannan ya fi komai. Amma ungozomar asibiti guda mai gadaje da yawa ba ta da hannun murza bayan kowa, kuma ba ta cikin ɗakin da aka rufe ƙofarsa a ƙauye.

Saboda haka kafin a tura ko kwabo, a yi wa kwas tambaya uku. Yana koyar da alamomin haɗari dalla-dalla, jinin da ya jiƙa zane, ciwon kai mai rufe ido, kumburin fuska, naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta? Yana tilasta halartar haihuwa ta gaske a ƙarƙashin ma'aikaciyar lafiya, kamar yadda ƙungiyoyin kirki suke sharɗantawa? Yana faɗa wa ɗaliba ƙarara abin da ba aikinta ba ne? Ta ukun nan ta fi ba ni tsoro, domin a ƙauyukanmu duk wanda ya rataya takarda mai hatimi a bango, kafin sati ya zagayo an fara ce masa likita, kafin wata ya ƙare ya sayi sirinji. Sauran darasin kuma babu farfesan intanet da zai koyar da shi: a nemi izinin maigida tun ranar awon farko, a ajiye kuɗin mai a gefe, a san ɗan'uwan da zai ba da jini, a riƙe lambar direban tasha, tunda an taɓa horar da 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW a jihar Katsina kan ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. Wadda ta iya tsayawa gaban surukar gida da ƙarfe biyun dare ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan ya fi ƙarfinmu, a taso da mota," ta ci jarrabawa, ko da ɓera ya riga ya cinye satifiket ɗin.