Masu Dakon Roka: Kowa da Irin Lodinsa

Harba ƙananan rokoki don nishaɗi sha'awa ce da ta kafu a Amurka tun ƙarshen shekarun 1950. An kafa NAR, ƙungiyar masu wannan sha'awa, a 1957, kamfanin Estes mai ƙera ƙananan injunan roka ya biyo baya a 1958. Da haruffa ake jera injunan, kowane harafi ya ninka wanda ya gabace shi ƙarfi, kuma daga H zuwa sama ba a sayar wa mutum sai da takardar shaida daga NAR ko ƙungiyar Tripoli. Babbar roka ba a harba ta a bayan gida. Sai an samu izinin hukumar jiragen sama, an kuma nemi fili mai nisa da mutane, irin gonakin Argonia a jihar Kansas, ko busasshen tafkin Lucerne a Kalifoniya, ko hamadar Black Rock a Nebada. Tashi da saukar roka 'yan mintuna ne, kai ta filin kuwa yakan ci yini ɗaya ko biyu a mota, kuma a wannan dakon ne ake rarrabe masu sha'awar gida-gida.

Na farko shi ne mai kwali. Rokokinsa na takarda ne da katako mara nauyi, dukkansu sun shige kwalin takalma biyu a kujerar baya. Manya sukan gaishe shi da irin gaisuwar da ake yi wa yaro mai ladabi. Shi bai damu ba, domin kafin su gama sauke kaya ya harba sau shida, ya ci abincin rana.

Na biyu shi ne mai korar iyali. Ya sayi motar iyali mai kujeru bakwai da sunan yara, sannu a hankali kujerun suka koma gareji. Rokarsa ta ɗara mita biyu, gindinta na jingine da ƙofar but, hancinta ya ratso tsakaninsa da uwargida, har sai ta sunkuya kafin ta ga fuskarsa. Yaran da suka samu wuri an ɗora wa kowa aikin riƙe fiffike ɗaya, an kuma hana su barci. Ana gane irin wannan mutum tun a wurin sayar da motoci: dillali na yabon inji da ƙarancin shan mai, shi kuwa ya zaro tef ɗin awo ya kwanta rub da ciki yana auna tsawon mota. In tsawon bai kai ba, ko kyauta ce ba ya so. Da a ce zai yarda ya raba rokar biyu, kamar yadda aka ƙera yawancinsu don a iya yi, da kowa ya zauna lafiya, amma a ganinsa roka a rabe ba ta da kwarjini.

Sai mai ɗaurin sama. Shi bututun roba na masu aikin famfo yake saya, ya zura rokar ciki, ya ɗaure a saman mota da igiya. Dabarar ba ta da tsada, sai dai duk gidan man da ya tsaya sai ya yi lacca, domin mai kallo ba abin da ke zuwa ransa sai makami mai linzami. Ya haddace jawabin da yake yi wa 'yan sandan hanya, da katin ƙungiya a hannu. Babban abokin gabarsa ƙofar garejinsa ce, wadda yakan manta da tsayinta ranar dawowa.

Mai tirela shi ne attajirin fage, kuma labarinsa ya fi na kowa tsawo domin ba ya ƙarewa. Ya sayi ƙaramar rufaffiyar tirela da ake jona wa mota don rokokinsa su huta da matsi. Ya kafa kantoci, ya yi wa kowace roka gadonta da soso, ya jera aljihunan kusoshi kowanne da suna, ya ƙara teburin aiki, janareto, kular ruwan sanyi da rumfa. Da ya gama sai ya ga sauran wuri, wuri kuwa ba a barinsa banza, sai ya ƙera roka mafi girma. Ita kuma ta ƙi shiga, sai ya sayi tirela mafi tsawo, wadda motarsa ba ta iya ja, sai ya koma a-kori-kura. A filin harbi yakan baje rokoki ashirin a gaban rumfa, ya harba ɗaya, wani lokaci ma iska ba ta yi masa ba. Sauran yinin yana ba da aron sifana, gam da batir. Ana yi masa dariya a bayan ido, amma kowa kusa da shi yake son ajiye mota. Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da wani mai wannan sha'awa, Steve Eves, ya yi a watan Afrilun 2009, lokacin da ya kai samfurin rokar Saturn V mai tsayin kusan mita 11 wata gona a jihar Maryland ya harba. Tun daga ranar kowane mai tirela ya samu hujjar gaya wa iyalinsa cewa nasa mai sauƙi ne.

Akwai mai naɗi, wanda yake lulluɓe rokarsa da barguna da tawul kamar amaryar da za a kai ɗakin miji. Abin da aka ƙera don ya zarce gudun sauti, shi yana tafe da shi a hankali, yana kauce wa kowane rami, jerin motoci na yi masa ham. A yi masa adalci, yana da gaskiya fiye da masu yi masa ba'a. Fukafukai da fenti sun fi lalacewa a mota da wurin ajiya fiye da yadda sabon shiga ke zato. Zafin rufaffiyar mota yana lanƙwasa roba, kuma injin albarushi da ya sha zafi da sanyi a jere yakan tsage daga ciki ya fashe wurin tashi. Laifinsa ɗaya, barguna na gadon gida ne.

Mai mantuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Ya kawo komai har da kujerar hutawa, ban da hancin roka, ko laimar da za ta sauko da ita. Yakan gano haka a tsakiyar Black Rock, inda garin Gerlach, mafi kusa, ba shi da kantin irin wannan kaya, birnin Reno kuma yana da nisan kilomita 160 ko fiye.

Ɗaliban jami'a nasu dakon na jirgin sama ne. Gasar harba roka ta ɗalibai da aka fara gudanarwa a filin Spaceport America na jihar New Mexico a 2017 ta jawo tawagogi daga ƙasashe da dama. Ba a yarda a hau jirgin fasinja da injin roka mai makamashi ba, don haka sukan shirya karɓarsa a wurin gasar, gangar jikin kuma su rarraba ta cikin akwatuna. Daren ƙarshe a ɗakin otal ake haɗawa, mutum goma sha biyu a kan gado ɗaya da warin gam, kuma ba a rasa akwati guda da ya bi wani jirgin, galibi wanda ke ɗauke da na'urar buɗe laima.

A dawowa ne bambancin ke raguwa. Faƙon Black Rock in ya bushe ƙurarsa farar hoda ce mai kanwa da ke shiga kowane lungu na mota, in ruwa ya taɓa shi kuma ya zama taɓo, a nan mai kwali ke wucewa ya bar mai tirela yana jiran a jawo shi. Rokar da laimarta ta ƙi buɗewa takan dawo da hanci ta nutse cikin ƙasa, shi ya sa tsofaffin hannu ba sa tafiya ba shebur. Filin Black Rock na gwamnatin tarayya ne, sharaɗin izinin kuma shi ne kada a bar tarkace, don haka rokar da ta kori iyali daga kujerunsu a zuwa, buhun shara ɗaya ya ishe ta a komawa.