Zakkar da Batir Yake Fitarwa

Duk wanda ya zauna a majalisar samarin Sakkwato bayan sallar isha'i, ko a Kanwuri ko a Mabera, ya ga yadda ake tura wa'azi da waƙa da fim daga waya zuwa waya ba a sayi data ko ta kwabo ba, lalle zai zaci an sami kyautar da ba ta rage dukiyar mai bayarwa. Alhali kuwa batir ne, miskini, yake fitar da wannan zakka a asirce, tun bai cika nisabi ba.

Bluetooth, wanda kamfanin Ericsson ya soma ƙirƙira a 1994, mai ƙana'a ne wajen shan wuta, illa dai nawarsa ta isa ta jarraba haƙurin waliyyi. Xender kuwa, da yake ta Wi-Fi yake bi, nan da nan yake gama hidima, amma da almubazzaranci, har wayar ta ɗau zafi, a garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40. Mai shagon caji ne ke kwashe ribar mu'amalar, ko da yake ba a gayyace shi majalisar ba.

Jama'a, wanda zai roƙi fim, don Allah ya zo da kuɗin caji.