Ranar da Na Kai Janareta Wanka

Duk abin da ya same ni, wayata ce ta ja mini. Wani dare an ɗauke wuta a Godogodo, ina kwance ina latse-latse, sai ga Turawa a jirgin ruwan shaƙatawa: fitilu tar, firij na aiki, ba ƙara ba hayaƙi. Ashe wani ɗan akwati ne ake ɗura wa sinadarin methanol, ya haɗa shi da iskar da muke shaƙa, lantarki ya fito ba a ƙona komai ba. Har na ga wani jirgin Faransa, Energy Observer, da aka saka a ruwa a 2017, shi daga ruwan teku ma yake tatsar haidirojin ɗinsa.

Washegari a teburin mai shayi na buɗe aji. Ina cikin zuba, wani ya ce, "Malam, kai ko kwalekwale ka taɓa shiga?" Nan fa girman kai ya motsa. Na ce ran Asabar kowa ya zo bakin kogi ya ga ilimi.

Na je kasuwar Kafanchan neman methanol. Wani mai kayan wuta ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Oga, in abin sha kake nema, ba wannan layin ba ne." Sai na dawo na ari ƙaramin janaretan mai askin unguwarmu. Na sayi fetur lita 2, wanda tun cire tallafi a Mayun 2023 ake auna shi kamar turare, na gauraya da baƙin mai.

Ran Asabar a bakin kogi, dattijon mai fito ya ga kayana: janareta, fanka, ƙwan lantarki uku da 'yar rediyo. Ya ce, "Ɗana, tayar da shi a tudu tukuna." Na ce, "Baba, wannan harkar kimiyya ce." Bai ƙara cewa uffan ba, ya sa gora ya tura.

Da muka ɗan yi nisa, inda kowa zai gan ni, na miƙe, na ɗora ƙafa a kan janareta, na ja igiya. Ya yi tari. Na sake ja, ya yi atishawa. A na uku na tattara ƙarfin tuwon jiya na fizga. Igiya ta tsinke, ni na yi gabas, kwalekwale ya yi yamma.

Ina shan ruwa ina salati, ina ihun a cece ni, har na fara yafe wa masu riƙe da bashina. Sai na ji muryar Baba a hankali: "Malam, miƙe tsaye mana." Na miƙe. Ruwan iya cibiya. Matan da ke wanki a gaɓa har da riƙe ciki.

Janareta ya fito da laka har hanci, wayar da ta haddasa fitinar kuwa tana can wajen kifaye. Kuɗin cittar da na ajiye su suka tafi gyara, mai aski ya yi mako yana aiki da reza yana harara ta. Uwargida cewa kawai ta yi, "Sannu da zuwa, Kyaftin." Sunan ya bi ni har yau.

Akwatin Turawa gaskiya ne, yana aiki. Ni dai abin da na koyo bai wuce wannan ba: in mai fito ya ce ka tayar a tudu, to ka tayar a tudu.