Lagireto Mai Ƙishirwa

Motar da lagiretonta ke yoyo ba ta san azumi ba. Daga Ikara zuwa Makarfi, direba ya dinga tsayawa yana ɗura mata fiya wata, fasinjoji na haɗiyar yawu. Yaron mota ya manna sabulu a hujin, wani dattijo ya ce a zuba garin kuka. Kafin a kai Hunkuyi miya ta tafasa, saura tuwo. Bakanike ya leƙa ya ce, "Maigida, wannan ya wuce walda, sai Panteka ko Ƙofar Ruwa." Can mai kaya zai rantse lagiretonsa ɗan Beljiyam ne, bai taɓa shan ruwan Najeriya ba, alhali ga ɓurɓushin kuka a bakinsa.