Ladubban Kwashe Kaya Daga Akwatin Waƙa na Aljihu

Ka sani, ya kai mai karatu, Allah ya ƙara mana fahimta baki ɗaya, cewa ɗan akwatin nan da kake sakawa a aljihun gaba, kana toshe kunnuwa da igiyoyinsa har a yi maka sallama sau uku ba ka amsa ba, ƙirar ɗan Adam ne, kuma duk abin da hannun ɗan Adam ya ƙera yana da wa'adinsa, ko ta hanyar faɗawa kwata, ko ta bin riga zuwa wurin wanki, ko kuwa ta hannun yaran gida, wanda shi ne sababi mafi yawa. Don haka na ga ya wajaba in tsara wannan 'yar risala game da yadda ake kwashe abin da ke cikinsa a kai kwamfuta tun yana da rai, gama na sha zuwa jaje gidan mutanen da suka yi niyyar yin haka gobe.

Babbar fitinar daga Amurka take. A watan Oktoba na 2001 kamfanin Apple ya fito da iPod mai gigabait 5, wanda aka ce yana ɗaukar waƙa 1,000. Aka yi ta faɗaɗa masa ciki har ya kai gigabait 160, wato wajen waƙa 40,000, waɗanda in kowace minti huɗu ce, mai saurare zai yi kwana 111 bai runtsa ba, bai ci ba, bai yi alwala ba, kafin ya kai ƙarshensu. A 2014 aka daina ƙera wannan babban, a 2022 aka rufe babin zuriyar gaba ɗaya, ashe ke nan duk wanda ke hannun mutane yau maraya ne. A cikin tsohon nan kuwa akwai wani ɗan faifai da ke juyawa, wanda idan ka kara kunne ka ji yana ƙas-ƙas, to ka bar abin da kake yi ka nemi kwamfuta, domin shure-shure ba ya hana mutuwa.

Sharaɗin farko na ingancin wannan aiki shi ne igiya, kuma a nan ne jama'a da yawa suke halaka. Igiyoyi kala biyu ne masu kama ɗaya kamar tagwaye: akwai kammalalliya mai zare huɗu, biyu na wuta biyu na saƙo, akwai kuma ta caji zalla, wadda za ta ciyar da akwatin ya ƙoshi amma ba za ta kai gaisuwarsa ga kwamfuta ba ko da an kwana ana roƙonta. Kafin ka zargi kwamfutar da taurin kai, ko ka zargi maƙwabci da sammu, sauya igiya. Sai kuma ka tabbata batirin kwamfutar a cike yake, saboda masu wuta ba su saba neman izini ba kafin su ɗauke abarsu.

To, su akwatunan nan mazhaba biyu ne. Mazhaba ta farko ita ce ta 'yan araha, irin waɗanda ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da makamantanta, kuma su talakawa ne marasa girman kai: da ka haɗa, sai su bayyana a kwamfuta tamkar filas, ka buɗe, ka zaɓi komai, ka kai sabuwar folda. Farilla ɗaya ce a nan, wato ka ba da umarnin kwafewa, kada ka ba da na yankewa. Ni da kaina, a zamanin jahiliyyata, na taɓa yanko tafsirin watan azumi sukutum, ina cikin jin daɗin wayona wuta ta tafi, kaya suka rabu biyu, rabi ya ƙetare kogi rabi yana cikin kwalekwale, da aka dawo da wutar kuma sai kwamfutar ta tambaye ni cikin ladabi ko ina so ta yi wa memorin fomat. Fomat kuwa, ga wanda bai sani ba, shara ce irin wadda ake haɗawa da tabarma da mai ɗakin. Duk inda ka ga wannan tambaya, amsarta a'a. Haka nan idan ka buɗe ka tarar foldojinka sun ɓace sai inuwoyinsu masu 'yar kibiya a gefe, kada ka taɓa inuwar: cuta ce da memori ke ɗaukowa a shagunan masu tura waƙoƙi, kayanka kuma galibi suna nan, ɓoye su kawai aka yi.

Mazhaba ta biyu ita ce ta iPod, kuma a nan ne mas'ala take da zurfi, sai ka gyara zama. Masu ƙirarsa, don kada ya zama jakar rarraba waƙoƙin mutane kyauta, sun yi masa ƙofa irin ta kogon zaki, inda ake ganin sawun shiga ba a ganin na fita. Manhajar iTunes tana zuba masa kaya daga kwamfuta, amma in ban da abin da aka saya a shagonta, ba ta san hanyar komawa ba, kuma ta ɗauke shi baran gida ɗaya ne tak. Saboda haka idan tsohuwar kwamfutarka ta riga mu gidan gaskiya, ka kai shi wurin sabuwa, za ta fito maka da wani saƙo mai taushin lafazi, tana tambaya ko a goge a daidaita. Ya ɗan'uwa, wannan maɓalli saki uku ne, ba biko, ba kome, kuma babu alƙalin da zai saurari cewa cikin fushi ka danna ko cikin gyangyaɗi. Abin da ya fi shi ne, tun kafin ka haɗa igiya, ka shiga saitin manhajar ka hana ta daidaita na'urori da kanta, sa'an nan ka ba akwatin izinin zama rumbun ajiya.

Da ka yi haka, sai ka umarci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun abubuwa, sai ga wata folda ta fito daga hijabi mai suna iPod_Control, a cikinta akwai Music, a cikin wannan kuma ɗakuna jere, F00, F01, F02, har zuwa inda suka tsaya. Kada hankalinka ya tashi idan ka ga an sauya wa kowace waƙa suna da haruffa huɗu marasa ma'ana kamar na hatimin laya, har Bakandamiyar Shata ba ka iya bambanta ta da kukan jaririn da ka ɗauka ranar suna. Sunan yanka yana nan rubuce a cikin fayil ɗin, kuma da zarar ka kwafe foldar dungurungum ka shigar da ita manhajar sauraro, kowa zai amsa sunansa, in ban da waɗanda tun asali mai turawa bai raɗa musu ba. Su kam sai ka zauna ka saurare su ɗaya bayan ɗaya, kaffarar lalacin wani. Akwatin da aka tsara a kwamfutar Mac ba ya buɗuwa a Windows, iPod touch mai allon shafawa kuma ba ya bin wannan hanya sam, sai da wata manhaja daban.

Magabatanmu masu kwafar littattafai da alƙalami da tawada ba su ɗaukar kwafi ya inganta sai an yi muƙabala, wani na karanta asali wani na bin sabo da ido. Kai ma ka duba adadin fayiloli da nauyinsu a ɓangarorin biyu, ka kunna ɗaya a farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe. In sun daidaita, ka sallami akwatin ta wurin umarnin fitarwa kafin ka zare igiya, gama fizge baƙo ana tsakiyar magana ba tarbiyya ba ce, kuma shi ma yana iya ramawa.

Saura batun shaidu. Kwafi ɗaya a kwamfuta shaida ɗaya ne, wanda shayi kofi guda zai iya rufe masa baki har abada. Ƙaulin da ya fi rinjaye a wurin masana shi ne kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gidanka. Wanda kuwa ya zuba akwatin da kwamfutar da filas ɗin a jaka guda ya hau acaɓa, ya sani ya sauƙaƙa wa ɓarawo aiki ne kurum. Rumbun intanet ma ya halatta, da sharaɗin ka tuna kalmar sirrinka, sharaɗin da ban cika ba har sau biyu. Ni dai ajiyata ta uku tana Zariya wurin yayata, a ƙasan kwalla, an naɗe ta da tsohon ɗankwali, kuma na zaɓe ta ne domin 'ya'yanta duk sun yi aure, jikoki kuma sai da Sallah suke zuwa.