Wa Ke Shan Datar Gidanka?

Idan ka dawo daga sallar isha'i ka tarar da samari huɗu sun jeru a kan dakalin ƙofar gidanka, babu mai cewa uffan, kowa ya sunkuya hasken waya na haska masa fuska, to kada ka yi saurin sa musu albarka wai yaran unguwa sun natsu. Da wuya in ba waifai ɗinka suke sha ba. Ka amsa gaisuwarsu da fara'a, ka ce su gaida mutan gida, sannan ka shige ciki ka ɗauko wayarka. Aikin da ke gabanka bai wuce na minti ashirin ba, kuma ba sai an kira mai gyara ba.

Baffana ne ya jawo wannan rubutu. Ya sayi data ta wata guda, ta ƙare a kwana tara. Ya yi wa kamfanin layi Allah ya isa, ya tuhumi 'ya'yansa, har talabijin ɗin falo sai da ta sha harara. Da na je gaishe shi ya ce, "Ɗana, duba mini wannan abu, ko tsiyaya yake yi?" Muka buɗe shafin na'urar waifai ɗinsa, sai ga wayoyi ashirin da uku a jone, alhali mutanen gidan bakwai ne, har da jaririyar da ba ta yi arba'in ba. Baffa ya daɗe yana kallon allon wayar, can ya ce, "Ashe rijiya na haƙa wa unguwa ban sani ba."

To ga yadda ake rufe bakin rijiyar. Wannan akwati mai ƙaho da ke ƙyafta 'yan fitilu a kan teburinka, wanda ake kira rauta, yana da ofis a cikin cikinsa. Shafi ne kamar sauran shafukan da kake buɗewa, sai dai a cikin akwatin yake zaune, shi ya sa ko datarka ta ƙare tas zai buɗe. Ka jona wayarka da waifai ɗin, ka kashe datar layin wayar don kada ta ruɗe, ka buɗe Chrome ko duk burauzar da ka saba da ita, ka rubuta lambar gidan a can sama inda ake rubuta adireshi. Yawanci 192.168.0.1 ce ko 192.168.1.1. Na'urorin Huawei da ake sa wa layin waya sun fi amsa 192.168.8.1, na TP-Link kuwa suna amsawa ko da tplinkwifi.net ka kira su. In ka rasa wacce ce taka, ka ɗaga akwatin ka kifa shi kamar mai duba kaza a kasuwa. Akwai 'yar takarda manne a ƙasansa, komai yana rubuce a kai.

Shafin zai tambaye ka suna da kalmar sirri, kuma a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Mabuɗi biyu ne a wannan gida. Akwai na ƙofar zaure, wato kalmar da ake sa wa waya ta hau waifai. Akwai kuma na turaka, wanda ke buɗe wannan shafin na saiti. Mai riƙe da na turaka shi ne maigida: yana iya canza na zaure, ya kori wanda ya ga dama, har kai mai biyan kuɗin. Abin takaicin shi ne na'urori da yawa daga masana'anta suke zuwa da suna admin, kalmar sirri ma admin, kamar a sayar maka da kwaɗo alhali mabuɗinsa yana aljihun kowa a kasuwa.

Kada ka ɗauki wannan ƙaramin abu. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi intanet ƙofa-ƙofa tana gwada sunaye da kalmomin sirri na masana'anta, kusan guda sittin kacal, kuma da su ta mamaye dubun dubatar kyamarori da rautoci na mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara aka tura wannan runduna kan kamfanin Dyn, sai Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ƙi buɗuwa ga jama'a masu yawa a Amurka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka abu na farko da za ka yi, tun kafin ka waiwayi samarin dakali, shi ne ka canza mabuɗin turaka.

Sai ka nemi sashen da aka rubuta Wi-Fi ko WLAN ko Wireless, ka sauya mabuɗin zaure. Don Allah kada ka sa sunan autarka da shekarar haihuwarta. Duk unguwa ta ci tuwon sunan, kowa ya san ranar. Kada ka sa lambar wayarka, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon shagonka. Ita kuwa 12345678, yaron da bai gama firamare ba ma da ita yake fara gwaji. Na'urar ba ta karɓar abin da ya gaza haruffa takwas, amma kai ka ninka haka: ka haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, irin su dambu da jirgi da tabarma, ka cusa lambobi a tsakaninsu. Ka guji haruffa masu ƙugiya irin ƙ da ɗ da ɓ, domin ranar da za ka jona talabijin za ka neme su a rimot ka rasa. Ka rubuta mabuɗan biyu, na zaure da na turaka, a takarda ka ba uwargida ajiya. Abin da ya shiga ƙasan akwatinta ya shiga wurin da ko ɓera sai ya yi sallama.

Da zarar ka danna maɓallin adanawa, waifai zai ɗauke daga wayarka. Kada gabanka ya faɗi, ba ka ɓata komai ba. Ƙofar ce ta rufe da kowa a waje, har da kai. Ka sa sabuwar kalmar ka koma ciki. Daga nan sai ka zuba ido. Washegari da sassafe za ka ji sallamar mutanen da rabonka da gaisuwarsu tun ƙaramar salla: "Baba, ina kwana? An tashi lafiya? Baba, yau kuwa sabis lafiya yake a nan wajenku?" Ka ce lafiya lau, alhamdu lillahi.

A sashen Wi-Fi ɗin dai za ka ga inda ake zaɓen irin tsaro. Ka zaɓi WPA2, wanda ake amfani da shi tun 2004, ko WPA3 da ya fito a 2018 in na'urarka tana da shi. Idan tsohuwar waya ko talabijin ta ƙi jonuwa da sabon, akwai zaɓin da ya haɗa su biyun. In ka ga WEP ka wuce shi, asabari ne aka rataya a ƙofar taska. Sannan ka nemo WPS ka kashe shi. An ƙirƙiro shi ne don a sauƙaƙa jona na'ura da 'yar lamba mai alƙaluma takwas, amma a ƙarshen 2011 aka gano cewa rautar tana duba lambar rabi-rabi, ta yadda gwaji kusan dubu goma sha ɗaya ya isa a cafke ta. A wurin kwamfuta wannan aikin 'yan sa'o'i ne.

Yanzu sai wurin da ya fi daɗin kallo: jerin na'urorin da ke jone. Nan za ka ga Tecno da Infinix da Redmi sun yi sahu, wasu ma da sunayen masu su, har da laƙabin soyayya. Kowace na'ura tana da lambar shaida da ake kira MAC, kuma shafin zai ba ka damar toshe wadda ka ga dama. Toshewar tana sanyaya zuciya, amma kada ka dogara da ita. Tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi sun koyi sa baƙuwar lamba, don haka yaron da ka kora ta ƙofa yana iya dawowa da sabuwar riga muddin kalmar sirrin tana hannunsa. Ta yaya kuwa ta isa hannunsa? Da ɗan gari akan ci gari. Wayoyin zamani suna fitar da wani hoto mai murabba'i, abokin ɗanka ya haska shi da kyamara ya hau waifai ba tare da an furta ko harafi ɗaya ba. Shi ya sa ɗanka zai rantse maka bai faɗa wa kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ka zaunar da shi ku yi maganar, domin wannan ɓarakar ba saiti kaɗai ke ɗinke ta ba.

A nan zan ɗan ja hankalinka, domin ba rowa nake koya maka ba. Mu mutane ne da ba ma hana maƙwabci ruwa ko garwashin wuta. A cikin samarin can na dakali akwai wanda sakamakon JAMB yake son dubawa, akwai mai neman aiki da ba shi da kuɗin data, kuma wallahi ba na so ka rufe musu ƙofa gaba ɗaya. Kakanninmu sun riga sun warware wannan matsala da suka gina zaure: baƙo ya zauna, a kai masa ruwa da abinci, amma ba ya leƙa tsakar gida. Rautoci da yawa suna da irin wannan zaure, za ka ga an rubuta Guest. Ka kunna shi, ka ba shi nasa suna da tasa kalmar sirri. Wanda ya hau ta nan zai sami intanet, amma a yawancin na'urori ba zai ga kwamfutarka ko shafin saiti ba. Wasu ma suna barinka ka ƙayyade masa gudu ko lokaci. Ka ba wanda ka yi niyya, ka riƙa sauya kalmar duk Juma'a. Kyautar da ka bayar da hannunka daban take da wadda aka yi maka sata ka ce ka yafe.

In ka ga waifai ɗinka ya rabu biyu, 2.4 da 5, to jaki ne da doki. Na 2.4 shi ne jakin: ba ya sauri, amma yana zuwa nesa, yana ratsa bango. Na 5 doki ne, akwai gudu, sai dai bango biyu ya isa ya gajiyar da shi. Ka hau doki in kana falo, ka bar wa ɗakin ƙurya jaki. Akwatin kansa ka ɗora shi a wuri mai tudu a tsakiyar gida, nesa da firji da jeren kwanuka. A gaya wa masu son ado su daina lulluɓe shi da leshi saboda ƙura. A zafin watan Afrilu, na'urar da ba ta shan iska sai ta fara suma tana farfaɗowa.

Abu biyu suka rage. Ka duba inda ake sabunta manhajar na'urar, domin ta nan kamfani ke toshe ramukan da aka gano. Amma kada ka fara sai ka tabbata wutar ba za ta ɗauke ba, ko ka jona ta da batir ko sola. Wuta ta yanke ana tsakiyar sabuntawa, akwatin yana iya zama abin danne takarda. In kuma ka ga saitin da ke ba da damar sarrafa na'urar daga nesa, ka kashe shi, tunda ba daga Legas kake gudanar da gidanka ba.

Idan kuwa ka manta mabuɗin turaka, takardar ma uwargida ta ɓoye ta har ita kanta ta kasa ganowa, akwai wani ɗan rami a bayan akwatin da aka rubuta Reset. Ka sa tsinken sakace ka danna kamar daƙiƙa goma. Komai zai koma yadda ya fito daga masana'anta, har da admin da admin, saboda haka sai ka sake bin duk abin da muka faɗa tun daga farko.

Baffa dai yanzu datarsa tana kai wata, zaurensa kuma a buɗe yake ga ɗalibai biyu na layinsu. Kai ma yau da daddare, bayan an ci tuwo, ka kifa akwatin ka karanta lambar, ka buɗe shafin, ka ƙirga wayoyin da ke ciki, sannan ka ƙirga mutanen gidanka.