Katifa a Cikin Taya

Duk mai neman shiru kada ya nufo Potiskum. Garin tireloli ne da shanu. Ranar Laraba idan kasuwar shanu ta cika, manyan motocin da ke lodin dabbobi zuwa Kudu kwana suke suna gurnani, 'yan Keke Napep na ta danna hon, injin markaɗe na amsa musu. Mu 'yan Dogo Tebo a cikin haka muka tashi, har idan gari ya yi tsit sai mu leƙo waje mu tambaya ko lafiya. To a wannan garin ne ni, malamin makaranta mai tsohuwar mota ƙirar 2004, na kwashi kuɗin ragon layya na tafi sayen shiru.

Ƙanin matata ne ya ɗora ni a hanya. Ya yi bautar ƙasa a Abuja, ya dawo baki cike da bayani, aljihu kuwa fayau. Muna kan hanyar Damaturu wata rana ya karkata kai ya ce, "Yaya, wannan gunjin ba na inji ba ne, na taya ne." Wai iskar da ke kulle cikin taya amsa kuwwa take kamar cikin ganga duk lokacin da roba ta daki kwalta, ƙarar ta bi ƙarafan ƙafa ta shigo wa mutum har kujera. Shi ya sa manyan kamfanoni ke manna soso a bangon taya ta ciki don ya shanye ta. Continental na kiran nasu ContiSilent, Michelin na ce wa nasu Acoustic, Pirelli kuma PNCS. Masu motocin lantarki ne suka fi neman irin wannan taya, tunda ba su da injin da zai danne ƙarar. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai tawa motar ko fitilarta ta hagu ba ta gama shiri da lantarki ba.

Sabuwa dai ba a maganarta. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, tayar mota ta zama baƙuwa mai zuwa da farashin dala. Saboda haka muka bi ta Azare muka shiga Kano neman 'yar Beljiyam. Mai shagon yana ganina ya naɗa ni Alhaji, ni da ban taɓa wuce katangar filin jirgi ba.

"Alhaji, ka ga wannan harafin W? Kilomita 270 a awa take ɗauka. Masu H a 210 suke tsayawa."

Na gyaɗa kai irin na manya, alhali motata tana taɓa 110 sitiyari ke fara karkarwa, 'yan Road Safety kuma 100 suka yanka wa ƙananan motoci a babbar hanya. Sai da ciniki ya faɗa sannan aka gano tawa tsohuwar 205/65 R15 ce, sabuwar kuwa 225/45 R17. Wato sai an sake rim gaba ɗaya. Nan kuɗin ɗinkin sallar yara ya bi ragon.

A hanyar dawowa na kashe rediyo, na ɗage gilasai duk da na'urar sanyin motar ta daɗe da rasuwa, na ce wa ƙanin matata ko tari kada ya yi. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40. Muka zauna muna ɗigar gumi muna sauraro. Gunjin nan kam kamar ya ragu. Amma da na kasa kunne sosai sai na fara jin abin da shekara da shekaru ban sani ba: shokozoba na ƙwanƙwasa, salansa na huci, ƙofar baya na kaɗa haƙora, wani abu kuma na gangarawa cikin but duk lokacin da na taka birki. Ga kuma sabon baƙo. Lambar tsakiyar nan, 65 da ta koma 45, ita ke nuna tsayin gefen taya gwargwadon faɗinta, kuma ya sauko daga wajen santimita 13 zuwa 10. Robar da ke shanye duka ta ragu, don haka duk tsakuwar da ke tsakanin Kano da Potiskum sai da ta gaisa da ƙashin bayana.

Da muka iso na ɗauki uwargida mu zaga gari ta shaida. Na ce, "Kin ji bambanci?"

Ta ce, "Na ji mana, Malam. Da mota ce kaɗai ke ƙara, yanzu har da kai."

Bakanike ya karɓi nasa rabon na shokozoba da salansa. Abin da ke gangarawa a but kuwa gwangwanin madara ne. Garin neman ƙiba dai aka samo rama.

Ana nan ruwan farko ya sauka, na afka wani rami da ya ɓuya cikin taɓo, na fito da ƙusa a tayar gaba. Na lallaɓa wurin mai facin bakin titinmu, dattijon da ya san ƙafar kowace mota a unguwar. Ya ce hujin ya yi faɗi, sai an buɗe an manna daga ciki. Yana zare tayar daga rim ya ja da baya.

"Innalillahi! Malam, wa ya cusa maka katifa?"

Kafin in buɗe baki jama'a sun taru. Wani direban tirela ya ce dabarar 'yan fasa ƙwauri ce, a bincika da kyau ko an manta wani abu a ciki. Mai shayi ya ce sheƙar ɓera ce. Wani tsoho ya matso kusa da kunnena ya ce kada in raina, in nemi a yi mini rubutu. Ana cikin haka aka kira la'asar, na ce su dakata in dawo in yi musu bayani dalla-dalla.

Na dawo na tarar da mota a kan duwatsu, ƙafa huɗu a ƙasa, ga tulin soso a gefe. Dattijo na share gumi yana murmushin wanda ya ceci rai.

"Na duba sauran ukun, Malam. Duk sun kamu. Amma alhamdulillahi na kankare su tas."

Na yi masa bayanin cewa ɗan wurin hujin kawai ake yankewa a manna faci a bar sauran. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya juya tayar ya nuna mini lambobi huɗu a gefenta: 2317. Mako na 23 ke nan na shekarar 2017. Tayar ta girmi autana da ke firamare.

"Malam, a hanyoyinmu abu uku ake tambayar taya: yaushe aka haife ta, gefenta na da tsayin da zai sha rami, kuma iskarta daidai take? Sosonka na mai sabuwar mota ne da kwalta mai santsi. Kai da ke bin bayan tirela, me za ka ji?"

Ya caje ni kuɗin aiki huɗu, ya yafe na iska saboda maƙwabtaka.

Da yamma ƙanin matata ya shigo motar, bai san abin da ya faru ba. Muna hawa titi ya lumshe ido ya ɗaga yatsa. "Ka ji ko, Yaya? Tsit! Aikin soso ke nan." Na ce ƙwarai kuwa.

Soson yana nan wurin yaran da ke wankin Keke Napep a bayan rumfar mai faci. Sun ce ba su taɓa samun mai riƙe kumfa irinsa ba, kuma duk wucewata sai sun tambaye ni yaushe zan sake komawa Kano.